Tsaurin Idon 'Yar Inna

Sunanta ba zai fito daga bakina ba, ko a takarda. 'Yar fari ce, kuma a garinmu, can gefen Gozaki, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta kuma tsaya masa in an taɓa shi. Tun ranar da aka yaye ta uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ta ɗauke ta ta kai ɗakinta. Shi ya sa nake ce mata 'yar Inna, ita kuma take ce mini Yaya. Ni kuwa mace ce mai baki, kowa ya sani. Ko a wurin niƙa aka tsallake kwanona sai unguwa ta ji. Amma a kan yarinyar nan bakina a ɗinke yake, don haka na tarar ana yi.

Tana aji biyu na firamare sanƙarau ya kama ta, cikin tsakiyar zafin bazara. Muka kwashe ta sai asibiti a Funtua, wuyanta a sandare, ba ta san wanda ke kanta ba. Allah ya tashi kafaɗunta. Muka dawo gida muna murna, Inna ta sa aka yi waina aka raba sadaka.

Ni na fara lura da abin. Wata rana ina tuƙa tuwo, na ba ta baya, na ce ta miƙo mini mara. Shiru. Na ɗaga murya, shiru. Na juyo a fusace zan zazzage ta, na sake faɗa ina kallonta, sai ta zabura ta kawo. Ranar na yi ta gwada ta: in kira ta daga baya, in buga kwano a gefenta, in tafa hannu. Ko gezau. Amma da na zagayo gabanta na buɗe baki, sai ta zuba wa leɓena ido ta ba ni amsa.

Muka koma wurin likita, ni da Inna. Ya dudduba ya ce ciwon ya kashe jijiyoyin kunnuwan, sai dai ƙara mai ƙarfi irin ta tsawa ce za ta ɗan ji a ɗaya. Ya ce tunda ta riga ta iya magana, mu riƙa fuskantarta, mu yi magana a hankali, za ta saba gane zance daga motsin baki. A mota kan hanyar dawowa Inna ta kafa mana doka.

"Kada na ji kalmar nan a bakin kowa," in ji ta. "Jikata ba kurma ba ce. Nauyin kunne ne na bayan ciwo, zai wuce. In wannan suna ya manne mata wa zai cire shi? Mace ce fa."

Ba don ƙiyayya ta faɗa ba. Inna tana son yarinyar nan fiye da ranta, lomar farko ta kowane abinci ita take ba wa. Amma nauyin kunnen bai wuce ba, dokar ma ba ta wuce ba.

Yarinya kuwa ta yi abin da ya ba ni mamaki. Kafin damina ta fita ta iya karanta baki sosai. In kana magana za ta kafa maka ido ƙur, ba ƙiftawa, ta ɗan karkatar da kai, girarta a haɗe. Muryarta ce dai ta canja. Tunda ba ta jin kanta, sai ta riƙa fitowa da ƙarfi, wasu kalmomin kuma su fito a karkace. Amma tana hira, tana dariya, tana tsokanar ƙannenta, tana kawo mini tsegumin makaranta ina yi kamar ban damu ba.

Malamar ajinsu a lokacin wata dattijuwa ce Kirista, daga unguwar da ke ƙetaren rafi. Tare suka yi 'yanmatanci da Inna, har yanzu in an yi Kirsimeti sai an kawo mana shinkafa daga gidansu. Ita kaɗai Inna ta raɗa wa gaskiya, ta kuma roƙe ta ta rufa asiri. Malama ta rufa. Ta dai ɗauko yarinyar ta zaunar da ita a bencin gaba, wajen taga, inda haske ke faɗa wa fuskar mai koyarwa. In tana rubutu a allo sai ta yi shiru, sai ta juyo sannan ta yi bayani. Iyakarsa ke nan fa. Da wannan dabara 'yar Inna ta gama aji biyu da aji uku tana cikin na gaba-gaba, lissafi kuwa har manyan yara take koya wa. Sai Malama ta yi ritaya ta koma Zariya wurin ɗanta, ta tafi da asirin a cikinta kamar yadda aka roƙe ta.

A aji huɗu aka ba su sabon malami, wani saurayi daga wajen Matazu, mai tsabta, mai son a ce ajinsa ya fi kowane ladabi. Ba mugu ba ne, wannan sai na faɗa ko da raina bai so ba. Amma ka duba abin da ya tarar. Ya shigo aji cike maƙil da yara, duk wanda ya yi wa magana sai ya sauke kai ƙasa yadda aka koya masa a gida. Sai ga wata yarinya a bencin gaba, ta fara tasawa, ta zuba wa bakinsa ido ba ƙiftawa, in ta tashi ba da amsa kuma ta ɗaga masa murya. A ƙasarmu yaron da ya kalli babba cikin ido mun san sunansa: mai tsaurin ido, wanda ba a kwaɓa a gida. Mu ma haka aka raine mu.

Ban san abin da ke faruwa ba sai wata Asabar da nake yi mata kitso, don idon Inna ya yi rauni, kitson ya dawo hannuna. Na zame mata riga in shafa mai, sai ga shatin bulala a kafaɗarta, sabo a kan tsoho. Na juyo da ita muka fuskanci juna.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Malam."

"Me kika yi masa?"

"Ya ce ina da tsaurin ido. Ya mayar da ni bencin baya. Ya ce duk ran da zai yi mini magana in durƙusa in sauke kaina." Ta haɗiye yawu. "To in na sauke ban san me ya ce ba, sai ya dake ni, wai ina yi masa kunnen uwar shegu. In na ɗago kuma ya dake ni, wai ina harararsa. Yaya, wanne zan yi?"

Na ce, "Ke ba ki da baki ne? Ba sai ki gaya masa ba?"

"Inna ta ce kada in faɗa wa kowa."

Sauran yaran ma ba mai faɗa. An gaya wa iyayensu ta warke tun tuni, waɗanda suka lura kuma wa zai ɗaga hannu ya gyara wa malami mai bulala?

Lokacin kaka ne, gari ya watse gona. Ana karyar masara, ana yankan waken suya, auduga ta buɗe fari fat tana jiran hannu. Da magariba maigida ya dawo jikinsa duk ƙaiƙayi, na ajiye masa ruwa da tuwo, na jira ya ci, sannan na faɗa masa. Ya wanke hannu. Na ga abin ya taɓa shi, don har ya ce a kira ta ya ga kafaɗar, sai kuma ya fasa.

"Maigida, zuwa za ka yi ka yi wa malamin nan bayani."

"Ke, ni? In je makaranta in tsaya wa 'yar fari? Da wane ido zan kalli mutane? Ki gaya wa Inna, 'yarta ce."

Na je ɗakin Inna na durƙusa na faɗa mata. Ta saurara tana jan carbi. Da na gama sai ta ce, "Wane ɗa ne ba a duka a makaranta? Ubanta ma ya sha. Kuma ni kaina kallon nan nata ya fara damuna. Mace tana girma tana zuba wa maza ido, ai ba kyau."

"Inna, da idon nan take jin magana fa."

"To so kike in ɗauki mayafina in je in tsaya gaban malamai in ce jikata kurma ce? In tona abin da na rufe da hannuna?" Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke kuma ina ruwanki? Ke kika haife ta?"

Haka ake ce wa uwar ɗan fari, kuma amsar da ake so ita ce a'a. Na tashi na fita ina huci, na je na huce a kan turmi. Ranar dawar da na surfa ta sha wuya.

Na koma wa maigida, ban bar shi ya huta ba. Safe da yamma ina kansa, har ya gaji ya ce zai tura ƙanensa, baffan yarinyar, da zarar an gama shigo da masara. Aka gama masara aka shiga dawa. Aka gama dawa aka ce ana kai auduga Funtua. Baffa dai bai je ba, ni kuma kullum da safe ina kallonta tana saka kayan makaranta jiki a sanyaye, ta fita ba ta waiwayo ba.

A cikin makonnin nan ta canja a idona. Tsegumin makaranta ya ɗauke. Dariya ta ragu. In babba ya shigo gidan, maimakon ta matso ta leƙa bakinsa yadda ta saba, sai ta zube ƙasa ta sauke kai. Duk abin da aka ce mata sai ta ce "to". Wata rana maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, 'yar Inna ta durƙusa ta gaishe ta kai a ƙasa. Matar ta ce, "Tashi ki ɗauko mini rariyarku, 'yar albarka." Ta ce "to", ta ci gaba da durƙuso. Matar ba ta ma lura ba, ta juya wajen Inna baki har kunne.

"Kai, masha Allah! Inna, yarinyar nan ta yi hankali. Da fa in ta kafa maka ido har tsoro take ba ni. Allah ya saka wa malamin nan."

Inna ta ce amin. Ni kuwa na tsaya da muciya a hannu ina kallon ƙeyar 'yata, tana durƙushe a tsakar gidan ubanta ba ta san me ake cewa a kanta ba. Nan na ƙudurta a raina sai na yi magana.

Da gari ya waye na ce wa maigida, "Yau zan je makarantar nan." Ya dube ni, ya ɗauki laujensa ya fita bai ce uffan ba. Na ɗauki shirun a matsayin izini. Na zura hijabi na fita. Matan da ke wurin famfo suka bi ni da kallo, wata ta ce, "Ina zuwa da sassafe haka?" Na ce, "Inda ƙafata ta nufa."

Na tarar da hedimasta a gindin darbejiya da wasu malamai, don ofishin nasa rufin ya yaye. Na gaishe su, na ce na zo a kan yarinyar aji huɗu, jikar Inna. Wani dattijon malami ɗan garinmu ya yi dariya.

"Ah ah! Ba 'yar farinki ba ce? Yau kuma kunya ta ƙare a garin nan?"

"Ta ƙare, Malam," na ce. "Ni ce uwarta. Ni na haife ta."

Ban taɓa faɗin haka a gaban mutane ba. Aka kira malamin ajin. Ya zo da alli a hannu, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya fara bayani a natse: yarinya ce mai ƙoƙari amma ba ta da kunya, tana kallon malami cikin ido, tana ɗaga murya, in an yi mata magana ta yi biris. Ya ce gyara yake yi mana, kuma alhamdu lillahi ta fara gyaruwa.

"Malam ka gama?" na ce. "To kurma ce."

Ban bari ya sa baki ba, na ci gaba.

"Kurma ce tun aji biyu, sanƙarau ya kashe mata kunne. Bakinka take kallo don ta san me kake cewa. Ka kai ta bencin baya inda ba ta hango leɓenka, ka sa ta sauke kai, sannan ka yi wa ƙeyarta tambaya ka dake ta don ƙeya ba ta amsa ba. Haba Malam! Ko akuya ce ka yi ta duka haka ai ka tsaya ka duba ko lafiya."

Allin ya faɗi daga hannunsa. Ya yi salati, ya sake yi. Ya ce, "Don Allah me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Wannan tambayar tasa kuwa tana kan hanya, kuma ba ni da amsar da zan bayar ba tare da na tona asirin uwar mijina ba. Na ce, "Ga shi na gaya maka."

Hedimasta ya gyara murya ya ce ai in haka ne nan ba wurinta ba ne, akwai makarantar kurame a wajen Malumfashi, can ya kamata a kai ta. Nan fa na hau. Na ce a wannan makarantar taku ta yi aji biyu da aji uku tana kurmar, kuma tana gaban masu kunne. Na ce kullum rediyo cewa yake kowane yaro yana da haƙƙin karatu, ko ban da tawa aka faɗa? Ba gini na ce ku yi mata ba, ba kuma sabon malami na ce ku ɗauko ba. Benci ne a gaba, da fuskar malami, shi ke nan. Dattijon nan da ya tsokane ni ya ce, "Gaskiya ta faɗa." Hedimasta ya ce to, a mayar da ita gaba.

Na ji sanyi a raina. Na ɗauka na gama.

Malamin ya ce a kira ta, yana so ya ba ta haƙuri a gabana. Aka aika ta fito. Da ta hango ni a tsaye cikin malamai sai ta tsorata, ta zo ta zube a gabansa ta sauke kai har haɓarta tana taɓa ƙirji. Ya tsuguna, shi da farar rigarsa, a cikin ƙasa.

"Ɗago ki dube ni," ya ce.

Ba ta motsa ba. Ina za ta san ya yi magana? Ya sake faɗa. Na matsa na sa hannu a haɓarta na ɗago fuskarta zuwa gare shi. Sai ta runtse ido gam. Ta ce da muryar nan tata mai ƙarfi, har yaran da ke leƙe ta taga suka ji:

"Malam ka yi haƙuri, na daina. Wallahi na daina kallonka."

Ya ce ta yafe masa. Ya ce shi ne mai laifi, daga yau ta kalle shi yadda take so. Hawaye na zuba a fuskarsa yana faɗa, malamai suna tsaye, ni ina riƙe da haɓarta. Duk wannan magana a kan rufaffen ido aka yi ta.

Kafin azahar labari ya gama gari. Inna ta yi kwana da kwanaki ba ta amsa gaisuwata ba. A wurin famfo aka sa mini suna marar kunya, yara kuma suka fara kiran yarinyar da sunan da Inna ta yi ta gudu. Duk na shanye, na ce in dai karatun zai dawo, su yi ta faɗa.

An mayar da ita bencin gaba, wajen taga. Malamin ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan ma sai na faɗa. Ya ajiye bulala. Ya rubuta mata a allo cewa ta riƙa kallonsa, ta karanta ta gyaɗa kai. Amma da ya juyo ya buɗe baki sai wuyan nan ya lanƙwashe da kansa. Tana kwafe duk abin da ke allo da kyakkyawan rubutunta, bayanin kuwa yana wucewa ta saman kanta. A gida ni kaɗai ta yarda ta kalli bakina, ni ma sai in ba kowa. Da aka yi jarrabawar ƙarshen zango ta dawo can ƙasa, har a lissafi. Maigida ya ce ni dai in bar yarinya ta huta. Na ce ba inda za ta huta, hutu na ƙarewa za ta koma.

Ranar da aka koma makaranta na tashi da wuri na ɗumama tuwo, na ɗauko kayanta da na wanke na goge. Na same ta a bayan ɗakin Inna tana ɗaure guga. Na taɓa kafaɗarta ta juyo, na nuna mata kayan. Ta girgiza kai.

"Ba za ni ba, Yaya."

"Za ki. Ai an gama wannan magana. Malam ya ba ki haƙuri a gaban kowa, har kuka ya yi. Ya ce ki kalle shi, ba zai ƙara taɓa ki ba."

Ta bi leɓena da ido har na kai ƙarshe. Babu fushi a fuskarta, kuma wannan ya fi ƙona mini rai.

"Ke kike faɗa," ta ce. "Ni ban gani ba."

Ta ɗauki bokiti ta ɗora a kai ta nufi ƙofa. Na kira ta, na sake kira da ƙarfi, ni da na fi kowa sanin ba a kiranta daga baya. Can aka buga ƙararrawar makaranta. Ina tsaye da kayan a hannu har aka gama bugawa, ita kuma ta riga ta sha kwana ta nufi rijiya.